Shekara huɗu ina cin kwanon waje a Yamai, tumbi ya hana ni sakat

Anti, barka da aiki. Ni mutumin Tawa ne, shekarata 38. Shekara huɗu ke nan da aka maido ni aiki Yamai, iyalina kuwa suna gida, don kuɗin hayar garin nan ba zai bar ni in kawo su ba. Tun da na zo ban taɓa ɗora tukunya ba. Da safe wajen mai shayi, da rana wajen wata mata kusa da buro, da dare tsire ko atceke, dambun rogon nan, a fada. Na zo da kilo 72, yau ina 89. Tsayina mita 1 da santimita 72, ƙuguna ya kai santimita 104. Abokai suna kirana Alhaji, suna cewa hutu ya zo, amma ni in na hau bene sai haki, kuma likita ya ce tansiyona ta fara hawa. Na gwada barin abincin rana na sati biyu, sai dare ya yi in ci na mutum biyu. Yanzu wani ya kawo mini shayin rage ƙiba. In sha? Barin abincin waje dai ba zai yiwu gare ni ba.

Ɗan Adar a Yamai

Ƙanena Ɗan Adar, sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yi dace da wadda ka tambaya. Innata ta yi shekara da shekaru tana tuwon sayarwa a bakin tasha a Tawa, ni ce ƴar wanke-wanke da miƙa kwano tun tsayina bai wuce na tukunyar ba. Don haka ba za ka ji na zagi masu abinci ba, da kuɗin tuwo aka saya mini littattafan lakwal. Sai dai na san abin da ke ran mai riƙe da ludayi, kuma shi zan gaya maka.

Mai sayar da abinci buƙatarta guda ce, ka dawo gobe. Abubuwan da ke dawo da mutum kuwa ba ɓoyayyu ba ne: mai, gishiri da magi, sukari, sai kwanon da ya yi tozo. In inna ta ga baƙon ido ya zauna a benci, sai ta karkata tukunyar miya, ta bi gefen da man ya taru ya yi jawur, ta kwalfo shi ta malala a kan tuwo har ya kewaye malmala. Karramawa ce, kuma kasuwa ce. Wanda ta saba da shi kuma yana da gyara ko bai roƙa ba. Kai da ka shekara huɗu a benci ɗaya ai ka zama ɗan gida, na tabbata matar nan tun daga nesa in ta hango ka take cika ludayi. A gidanka na Tawa, matarka ta san litar mai ɗaya kwana nawa za ta yi mata, tana zubawa tana lissafi. A waje babu mai yi maka wannan lissafin. Sau uku a rana, kwana bakwai a mako, hannun wani ne ke auna abin da zai shiga cikinka, kuma ma'auninsa ciniki ne. Nan ciwon yake.

Mu duba alƙaluman da ka aiko. Kilo 17 cikin wata 48 ya kama kamar giram 350 a wata. Wa zai lura da wannan? Sai dai tela. Likitoci suna da wani awo: a ɗauki nauyin mutum a kilo a raba shi da tsayinsa a mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta. Ranar da ka sauka Yamai kana 24 da ɗoriya, yau ka taka 30. Amma ni ƙugun ya fi tsaya mini a rai. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada kewayen cikin mutum ya kai rabin tsayinsa. Rabin naka 86 ne, kai kuma kana 104. Kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, ya fi na cinya da na damtse haɗari nesa ba kusa ba. Masu ce maka Alhaji ba da mugun nufi suke yi ba, haka muka tashi muka tarar, tumbi alamar samu ne. Ranar awon tansiyo dai hannunka za a ɗaura wa abin awon, ba nasu ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne: a ƙididdigar hukumar ta 2022, manya wajen miliyan 890 ne ke fama da irin wannan ƙiba a duniya, rabonsu cikin jama'a ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Yanzu zo mu zauna a teburin mai shayinka, don na san shi ko ban taɓa ganinsa ba. Zai ɗauko babban kofin roba, ya tuntsura gwangwanin madara mai kauri, zaren madarar yana sauka yana naɗewa a gindin kofi, shi kuwa yana hira da wani, bai ko kallo. Madarar nan kusan rabinta sukari ne. Sannan ya ƙara sukarin kansa cokali biyu ko uku, ya zuba ruwan zafi, ya yi ta sheƙawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Ya tsaga rabin burodi, ya shafe cikinsa da mayonez, ya fasa ƙwai biyu ko uku cikin kaskon da mai ya kwanta a ciki, ya juye wainar da sauran man duka cikin burodin. Kai kuma a tsaye, ido a kan agogo, minti biyar ka gama. In aka tambaye ka sai ka ce ai ɗan shayi kawai ka sha.

Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na mai yana da 9, na sukari ko sitacin hatsi ko furotin ɗin da ke cikin nama yana da 4. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne ko kusa da haka, kuma ba ya tare wuri a ciki, shi ya sa ba ka jin shigarsa. Namiji mai aikin zama kamar kai yana buƙatar tsakanin 2,000 da 2,500 a yini. Ɗan ludayin man da ake zagaya maka a kan shinkafa da wake, in cokali uku ne, 360 ke nan, ba a zo ga shinkafar ba. Sai lemun kwalba da kake korawa da shi saboda zafin Yamai: mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kamar giram 35, wato ƙwaya bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a yini, in ma an tsaya a 25 ya fi. Zoɓo da lemun citta na leda ba su tsira ba, su ma mai haɗawa so take ka dawo. Abin sha kuwa ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa, ka sha shi ka kuma cinye kwanonka tas.

Da dare ga fada. Tsiren da mai nama ke yanka maka haɗe da kitse don ya fi daɗi, atceke da soyayyen kifi da aloko, soyayyar ayabar nan da ta sha mai ta ƙoshi, sannan butar shayi ta zagayo, na farko, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa. Daga nan sai shimfiɗa.

Masana sun bi diddigin wannan abu. A Amurka an bi matasa sama da 3,000 har shekara 15, aka fitar da sakamakon a 2005: waɗanda ke cin abincin gidajen sayar da abincin gaggawa fiye da sau biyu a mako sun ƙara kilo 4 da rabi a kan waɗanda ba sa kai sau ɗaya a mako, kuma jikinsu ya fi saurin daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Sau biyu a mako fa. Kai sau 21 kake yi. Gaskiya ne abincinsu daban da namu, tuwon gero da miyar kuka ba hambaga ba ne, kuma mai yawan cin waje yakan zama mai yawan zama da ƙarancin barci, ba a iya ɗora wa kwano laifin duka. Amma akwai wani gwajin da ya fi kama da bencinmu. A 2002 wata masaniya mai suna Barbara Rolls ta riƙa ba mutane abinci iri ɗaya, yau kaɗan, wani mako da yawa. Da aka ninka abin da ke cikin kwanon, sai suka ci ƙarin kashi 30 cikin 100, kuma da aka tambaye su, ƙoshin da suka ce sun ji bai bambanta ba. Ido ke ci kafin ciki. Balle mu da aka hora tun muna yara cewa barin saura a kwano almubazzaranci ne, ga shi kuma ka biya kuɗinka.

To tunda ka ce barin abincin waje ba zai yiwu ba, ni ma ban ce ka bari ba. Abin da nake so shi ne bakinka ya riga ludayi. Ka yi magana kafin a zuba.

Na san abin da kunya. Namiji ya tsaya gaban mai abinci yana cewa a rage, sai a ɗauka aljihu ne ya yi sanyi. Maganin wannan sauƙi gare shi, ka biya kuɗin da ka saba biya, ka canja abin da ake ba ka. Ka ce mata: "Hajiya, likita ya sa mini doka. Shinkafar rabi, waken da yawa, man kuma ba ni cokali in zuba da kaina." Kalmar likita tana da kwarjini, babu mai musu da ita. Inna tana da irin waɗannan mutane, wani tsohon direba har kwanonsa daban ta ware masa, miyarsa daga tsakiyar tukunya take ɗebowa inda babu mai. Mai abinci ba ta ƙi ba, ribarta ma ta ƙaru, man ai shi ne mai tsada. Kwana uku za ka maimaita, na huɗu da kanta za ta ce ga na mai doka.

Ka kuma buɗe ido, garin nan cike yake da abincin kirki, a titi ɗaya da wancan. Dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, abinci ne da ba shi da na biyu in ka hana a yi masa wanka da mai. Ka ce a yawaita ganyen a rage tsakin. Wake kowane iri abokinka ne, yana riƙe ciki har la'asar. Kifin kogi gasasshe ya fi soyayye, gasasshiyar zabuwa ko kaza ta fi tsiren da aka jera da kitse, in kuma balangu ne ka nuna tsokar da yatsa, ka ce a cika maka albasa da tumatir, mutumin Adar ba a koya masa cin albasa. Masu salati suna nan, sai dai ka tsare hannun mai mayonez, ka kuma zaɓi wadda ka yarda da ruwan wankinta. Fura da nono ba laifi in ba a ɗura mata sukari ba, amma ka lissafa ta a matsayin abinci, kada ka ci tuwo ka kora da ita. Kilishi ka ɗauke shi abin marmari saboda gishirinsa. Maganar gishiri ma, tunda tansiyo ta motsa: abin da ake so kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ƙwayar magi kuwa kusan rabinta gishiri ce, yajin tsire ma haka yake cike da su. Ka daina barbaɗa ƙari.

In da za ka ɗauki abu ɗaya tak cikin duk maganata, ka ɗauki na abin sha. Lemun kwalba ya koma na ranar suna da biki. Ruwa mai sanyi shi ne na kullum. Wajen mai shayi ka ce madarar gari cokali ɗaya, sukari ƙwaya ɗaya, ƙwai a dafa maka ko a soya da ɗan mai kaɗan, burodi ba mayonez. Mako biyu na farko shayin zai yi maka salam, daga baya harshe ya saba, har wata rana ka kurɓi na abokinka ka ji kamar zuma aka narka.

Fada kuwa ba zan raba ka da ita ba. Mutumin da iyalinsa ke nesa, fada ce danginsa, kaɗaici ma ciwo ne. Ka karɓi kofin farko don zumunci, na biyu da na uku ka ce Alhamdulillahi. In an kawo nama an baje a takarda, ka ɗebi naka a gefe tun farko, don hannun da ke kai-komo cikin hira ba ya ƙirga. Za su yi maka tsiya, su ce Alhaji ya shiga rejim. Ka yi dariya tare da su. Ina mai tabbatar maka cikinsu akwai mai irin takardar likitan da ke aljihunka, ya dai yi shiru ne.

Barin abincin rana da ka gwada, ka ga sakamakonsa da idonka. Yunwar da aka tara tun safe ba ta da hankali, in ta samu tsire ƙarfe goma na dare sai ta rama har da riba. Ka juya abin: ka ci na kirki da rana, na dare ya zama marar nauyi, kuma da wuri, bayan magariba ko da an fito isha'i. Ka zauna ka ci a natse, ƙoshi yana ɗaukar kamar minti 20 kafin ya sanar da kai ya iso. Hadisin nan da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi, aiki da shi ne sai mai sauran wuri ya iya tsame hannu. Azumin Litinin da Alhamis alheri ne in lafiyarka ta ba ka, muddin buɗa-bakin bai zama ramuwar gayya ba.

Shayin rage ƙiba kuwa, ajiye shi. Yawancin irinsu ganyen wankin ciki ne, dangin filasko, ko masu sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna ka ragu kilo ɗaya ko biyu, ruwa ne ya fita, kitsen yana nan inda yake, ka sha ruwa ya dawo. Ga mai hawan jini abin ya wuce asarar kuɗi, don zawo da yawan fitsari suna zubar da gishirin jikin da zuciya ke aiki da shi, kuma ba ka san me aka haɗa a ciki ba.

Ka ce ba ka taɓa ɗora tukunya ba. Ban ce ka koyi tuƙa tuwo ba, amma ƙaramin gaz da tukunya ɗaya ba su fi ƙarfinka ba. Dafa ƙwai, dama kunu, yanka tumatir da kokwamba a kan sardin, wannan ko ɗan lakwal ya iya. In ka karɓe karin safe kaɗai, sau 21 ya koma 14. Ka ajiye lemun zaƙi, gwaba, kankana ko mangwaro, duk wanda ake yayi, a ɗaki da buro, don yunwar ƙarfe goma sha ɗaya ita ke aika yaro sayen fanke.

Tafiya a ƙasa tana da amfani, tana sauke tansiyo ko nauyi bai ragu ba. Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. A Yamai lokacinta bayan asuba ne ko bayan la'asar sakaliya. Ga masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché, ga masu taka Gadar Kennedy zuwa Harobanda su dawo. Sai dai kada ka ruɗi kanka: rabin awa na tafiya da sauri, ga mai nauyinka, kalori 150 zuwa 200 yake ƙonawa. Ludayin mai ɗaya ya shafe na kwana biyu.

Kada ka sa wa ranka komawa 72 kafin Sallah. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 a wajenka, ya isa a ga canji a awon jini da na sukari. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, wani makon ma ba za ka ga komai ba. Ka sayi mitar tela, ka auna cikinka daidai saman cibiya ranar ɗaya ga kowane wata, da safe kafin ka ci komai, ka rubuta. Ka koma wajen likitan ka roƙi awon sukari kafin karin kumallo, da na kitsen jini. In kana yawan jin ƙishirwa, ko tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko an ce kana minshari har numfashinka na ɗaukewa, ka faɗa masa, kada ka jira ya tambaya. In ya rubuta maka maganin tansiyo ka sha, kada ka ce sai ka ga abin da rage cin zai yi tukuna.

Saura mutum ɗaya da ba ka sa a lissafi ba, uwargida. Na san yadda ake tarbar maigidan da ya yi wata biyu ko uku a Yamai: a yanka zabi, a soya, a dama fura mai kauri, a tsare shi sai ya cinye. In ka sauka Tawa ka fara ture kwano ba bayani, ba ƙiba za ta kawo a ranta ba, cewa za ta yi wata ce ke ciyar da kai a birni har girkinta ya daina yi maka daɗi. Ka kira ta tun yau, ka karanta mata abin da likita ya rubuta, lamba da lamba. Ka roƙe ta ta haɗo maka busasshen zogale da garin kunu da yajin da ba magi a motar da za ta taso. In wata uku ya cika ka rubuto mini abin da mitar tela ta ce. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yara.